Laftof ɗinka mai Linux ta maƙale a 800MHz? Ga yadda ake bin sawun matsalar har cikin kanel

Wata ranar Asabar ina zaune a shago nan Ikeja, ana ta zabga zafin nan na Legas mai danƙo wanda ko fanka ba ta maganinsa, sai ga ƙanen wani abokina ɗan Agege ya faɗo da laftof a jaka yana ta huci, wai "Yaya, Linux ɗin nan ya gama da ni, tunda na yi ofdet kanel ya lalace, ko burauza sai na gaji da jira kafin ta buɗe." Na ce masa ƙanena ajiye ta a nan ka sha ruwa, mu auna tukuna kafin mu ɗora wa kanel laifi. Firosesan da ya kamata ya haura 3GHz muna dubawa muka same shi ya tsaya cak a 800MHz, kamar danfon da ya shiga gosulon Oshodi da yamma. Zan gaya muku abin da muka gano a gaba, amma hanyar da muka bi ita ce nake so in shimfiɗa, don ita ɗin dai ake bi ko matsalar a caja take ko a cikin kod ɗin kanel kansa, wato zuciyar Linux da ke magana da sassan kwamfuta.

Da farko ka san su waye ke riƙe da totur

Ɓangaren kanel da ke kula da gudun firosesa sunansa cpufreq, kuma ma'aikata biyu gare shi da ya kamata ka sani. Akwai gwamna, shi ke duba yawan aiki ya ce a ƙara gudu ko a rage, sai direba, shi ke taka totur ɗin, wato shi ke magana da firosesa kai tsaye. To amma ba su kaɗai ba ne a motar. A ƙasansu akwai bayos, wato BIOS, manhajar kan bod da ke tada kwamfuta, da ƙaramar na'urar nan ta kan bod mai kula da caji da fanka, kuma waɗannan in suka ce a tsaya to ko gwamna ya yi ta ihu ba inda za a je. A samansu kuma ga 'yan kamasho, irin su TLP da thermald da power-profiles-daemon, kowa na miƙo hannu yana canza saiti. Duk aikin da za mu yi shi ne gano wane ne a cikinsu ya danne gudun. Kuma a abin da ni dai nake gani a teburina, kanel shi ne na ƙarshe da ake kamawa da laifi, ba wai ba ya yi ba, yana yi, amma caja da zafi da mataccen batir sun fi shi yawan ɓarna nesa ba kusa ba.

Mataki na 1: duba abin da ke gabanka

Buɗe taminal ka buga waɗannan, ka kwafe sakamakon ka ajiye a fayil don za ka buƙace shi daga baya:

uname -r
cpupower frequency-info
grep . /sys/devices/system/cpu/cpufreq/policy0/*

In ba ka da cpupower, a Ubuntu yana cikin linux-tools na kanel ɗin da kake kai, a Debian kuma linux-cpupower. Lambobin da za ka gani a kilohaz suke, wato 800000 shi ne 800MHz, kar ka ga sifili da yawa ka ɗauka abin arziki ne.

Layin scaling_driver shi za ka fara kallo. In ka ga intel_pstate to direban Intel ne da ya shigo tun kanel 3.9 a 2013, yana aiki a yanayin da shi ko firosesan da kansa ke zaɓen gudu. In ka ga intel_cpufreq shi ɗin ne dai amma ya sauka ya bar wa gwamnonin kanel zaɓi. acpi-cpufreq tsohon hannu ne, yana karanta teburin da bayos ya ba shi ya bi. Masu AMD za su ga amd-pstate, wanda ya fara shigowa a 5.17 a 2022, ko amd-pstate-epp, sai kuma allunan ARM da yawa da ke amfani da cpufreq-dt.

A nan akwai wani tarko da ke kama mutane kullum. Mutum zai ga scaling_governor an rubuta powersave sai ya buga tsalle ya ce ya gano ɓarawon. A hankali dai. In direban intel_pstate ne ko amd-pstate-epp, gwamnoni biyu kawai za ka gani, performance da powersave, kuma wannan powersave ɗin yana hawa yana sauka daidai da aiki, lafiyarsa ƙalau. Amma in direban acpi-cpufreq ne ko intel_cpufreq, to powersave ɗinsu shi ne mai ɗaure firosesa a mafi ƙanƙantar gudu ya zauna a kai. Suna ɗaya hali daban. A wannan yanayin na biyu ka mayar da shi schedutil, wanda ya zo a 4.7 a 2016, ko ondemand, wataƙila ma aikinka ya ƙare ke nan:

sudo cpupower frequency-set -g schedutil

Mataki na 2: ɗora masa lodi ka auna

Kar ka yarda da lambar da ka gani a /proc/cpuinfo alhali kwamfuta na zaune ba ta komai. Firosesan da ba shi da aiki dole ya sauka, ai amfanin abin ke nan. Sai ka ba shi aiki sannan za ka san gaskiyarsa. Buɗe taminal biyu, a ɗaya ka kunna wannan:

sudo turbostat --quiet --show Core,Busy%,Bzy_MHz,CoreTmp,PkgWatt --interval 2

a ɗayar kuma:

stress-ng --cpu 0 --timeout 120

Sifilin nan yana nufin a cika duka ƙwayoyin firosesan da aiki. Bzy_MHz shi ne ainihin gudun da yake yi lokacin da yake aiki, daga ƙididdigar cikin firosesan kansa ake ciro shi, ba abin da gwamna ya roƙa ba. Ka zuba ido na minti biyu ɗin nan gaba ɗaya, kar ka duba sakan biyar ka tashi, domin yadda lambar ke tafiya shi ne labarin. Ko dai tun farko tana ƙasa ba ta motsi kuma ba zafi, ko ta hau sama ta daɗe kaɗan sannan ta faɗo yayin da zafi ke tashi, ko ta faɗo alhali zafi bai kai ko'ina ba amma PkgWatt, wato wutar da firosesa ke zuƙa, ya tsaya a lamba ɗaya kamar an ja masa layi. Sannan ka maimaita gwajin sau uku: da caja, ba caja, da kuma bayan ka rufe murfi ta yi barci ta farka. Rubuta duka a takarda. Na san abin da ban haushi, amma wanda bai rubuta ba bayan awa biyu ba zai tuna wanne ya gwada ba.

Mataki na 3: tambaya ɗaya da ke raba hanya biyu

Kwatanta scaling_max_freq da cpuinfo_max_freq. Na biyun shi ne iyakar abin da firosesa zai iya, na farkon shi ne rufin da aka yarda ya kai yanzu. In na farko ya gaza na biyu, to wani ne ya sa rufin, kuma kanel ya san da zancen. In kuwa daidai suke amma Bzy_MHz na ƙasa duk da lodi, to daga ƙasa ake danne shi, kanel ma bai sani ba, shi a ganinsa ya ba da izini.

Mu fara da hanyar farko, wato wani ne ya sa rufin, don ta fi sauƙi. Kashe 'yan kamashon nan duka, tlp, thermald, power-profiles-daemon, tuned, auto-cpufreq, duk wanda ka sa. Amma systemctl stop kaɗai ba ya wadatarwa, don saitin da suka riga suka rubuta yana nan, kuma power-profiles-daemon yakan sake tashi da kansa in destof ya kira shi, don haka ka yi masa systemctl mask, wanda ke hana shi tashi, ka sake kunna kwamfutar. Na sha ganin laftof ɗaya da uku daga cikinsu a kai, yaro ya kalli bidiyo uku ya bi shawarar kowa, wannan na ɗagawa wancan na saukewa. Hanya mafi tsabta ma ita ce ka tada kwamfutar daga filashin Linux wanda ba a taɓa komai a cikinsa ba, ka auna a can. A Intel ka leƙa foldar /sys/devices/system/cpu/intel_pstate ka tabbatar max_perf_pct yana 100 kuma no_turbo yana 0.

In rufin bai ɗaga ba kuma direbanka acpi-cpufreq ne, duba fayil ɗin bios_limit. A ACPI, wato tsarin da bayos ke bi ya yi magana da kanel, yana da wata ƙofa mai suna _PPC da yake gaya wa kanel kar a wuce kaza, kuma wasu laftof suna yin haka in an cire batir ko in caja ta yi ƙaranci. Za ka iya ce wa kanel ya yi kunnen uwar shegu da shi. Lokacin da GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa in kwamfuta na tashi, ya fito danna e, je layin da ya fara da linux, ƙara processor.ignore_ppc=1 a ƙarshensa, danna F10. Wannan na tashi ɗaya ne kawai, in ka sake kunnawa ya tafi, kuma haka ake so a lokacin gwaji. Kullum ka buga cat /proc/cmdline ka tabbatar abin da ka rubuta ya shiga, don wallahi na taɓa ɓata yamma guda ina gwada abin da ban ma rubuta daidai ba.

Yanzu hanya ta biyu, inda mu mutanen Legas muka fi zama

Zafi tukuna. In CoreTmp, wato zafin firosesa, na dosar digiri 100 to firosesa na kare kansa ne, yawancin na Intel na laftof iyakarsu wajen nan take. Duba core_throttle_count a cikin /sys/devices/system/cpu/cpu0/thermal_throttle, in lambar na ƙaruwa lokacin lodi to magana ta ƙare. Laftof tokumbo da ta sha shekaru a Ingila ta zo nan ta haɗu da ƙura da laimar teku, ƙurar takan dunƙule a bakin fanka ta zama kamar auduga, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi kuma ya bushe ya zama kamar alli. Buɗe, share, sa sabon mai. Babu facin kanel da zai yi maka wannan.

Sai iyakar wuta. In gudu ya hau na ɗan lokaci sannan ya sauko PkgWatt ya zauna misali a 15, wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera siraran laftof, ana barinsu su zuƙi wuta da yawa na ɗan lokaci sannan a dawo da su ƙa'ida. Za ka ga lambobin a /sys/class/powercap/intel-rapl:0, a maikurowat. Abin da zai sa ka ɗaga gira shi ne ka ga iyakar ta yi ƙasa ƙwarai fiye da abin da aka rubuta wa firosesan.

Na uku shi ne mugun, wanda ke maƙale kwamfuta a 800MHz ko ma 400MHz tana sanyi ƙalau. Firosesan Intel na da wata waya da ake kira BD PROCHOT, wadda wasu sassan bod ke iya ja su ce masa sauka ƙasa yanzu yanzu, ko da shi bai yi zafi ba. Batir mai mutuwa na jawo haka, na'urar auna zafi da ta lalace na jawowa, haka ma cajar da laftof ba ta gane ta ba, don wasu kamfanoni suna sa ɗan siririn tsinke a tsakiyar bakin caja wanda ta nan laftof ke tambayar caja wat nawa gare ki, in ba amsa sai ta ɗauka mafi muni. Ga yadda za ka duba, bayan ka sa msr-tools:

sudo modprobe msr
sudo rdmsr -f 2:2 0x19c
sudo rdmsr 0x1fc

In rdmsr na farko ya ba ka 1 alhali ba zafi, wani daga waje ne ke jan wayar. Na biyun kuma bit ɗinsa na farko, wato bit 0, shi ne makunnin BD PROCHOT ɗin. Ana iya kashe shi da wrmsr, ka ɗauki lambar da ka karanta ka rage mata ɗaya in mara ce, misali in ta ƙare da d ka mayar da ita c, sauran ka bar su yadda suke. In Secure Boot na kunne kanel zai hana ka rubutawa. Ni dai shawarata ka yi wannan don tabbatar da zargi kawai, minti biyu, ka ga gudu ya dawo, shi ke nan ka san inda ciwon yake. Masu sa shi ya riƙa gudana duk tashi suna cire ƙararrawar gobara ne don tana damunsu da ƙara, in batirin ne ke kumbura fa?

To wannan ne ya kama ƙanen abokin nawa. Ranar da ya yi ofdet ɗin, ranar ce kuma cajarsa ta asali ta ƙone da aka kawo wuta da ƙarfi, ya sayi wata a hannun masu talla a gosulo. Abu biyu suka faru rana ɗaya shi kuma ya riƙe ɗaya. Na zaro cajar, gudu ya haura, na mayar, ya faɗo 800, na sa masa tawa ta shago, lafiya lau. Ya ce "Yaya ashe ba kanel ba ne", na ce je ka nemo caja ta gaskiya ka bar bawan Allah ya huta. Kafin in manta, in ka canza caja abin bai saki ba, cire caja da batir in yana ciruwa, danne makunni na kamar sakan 30, wannan yakan sa na'urar kan bod ɗin ta manta tsohon hukuncinta. Masu Raspberry Pi ku ma kusan labarinku ɗaya, ku buga vcgencmd get_throttled, in ba 0x0 ya ba ku ba to ku fara zargin cajar waya da kuka maƙala masa.

Mataki na 4: canza direba ka gani

In caja lafiya, zafi lafiya, 'yan kamasho sun kwanta, yanzu ne muka iso ƙofar kanel. Ta hanyar GRUB ɗin nan dai, gwada waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tashinsa da awonsa: intel_pstate=passive, sai intel_pstate=no_hwp, sai intel_pstate=disable wanda zai mayar da kai acpi-cpufreq. HWP ɗin nan shi ne tsarin da Intel ta kawo tun Skylake a 2015 inda firosesa ke zaɓar gudunsa da kansa, kanel sai dai ya ba shi iyaka da shawara ta fayil ɗin energy_performance_preference, wanda shi ma ka duba shi, in an bar shi a power kwamfuta za ta yi ta nawa. Masu AMD ku gwada amd_pstate=active da passive da guided da disable, amma ku sani direban nan sai firosesan Zen 2 zuwa sama kuma sai an kunna CPPC a bayos, in ba haka ba dmesg zai nuna ya ƙi hawa. Kar ka haɗa biyu a tashi ɗaya don sauri. In ya gyaru ba za ka san wanne ya gyara ba.

In wani direban ya yi daidai wani bai yi ba, ka samu mafita ta wucin gadi, sa shi a /etc/default/grub ka buga update-grub ka ci gaba da rayuwarka in kana so. In kuma kana son a gyara wa kowa, mu je.

Mataki na 5: tsohon kanel, sannan farauta

A GRUB shiga Advanced options ka tada tsohon kanel, caja ɗaya, ɗaki ɗaya, gwaji ɗaya. In tsoho na gudu sabo na rarrafe, to ka kama koma baya na gaske, kuma mutanen kanel ba sa wasa da irinsa, dokar Linus Torvalds ce tun da daɗewa cewa abin da ke aiki jiya bai kamata sabon kanel ya karya shi ba.

Kafin ka fara haɗa kanel da kanka daga kod ka ɗan saurari abin da yake faɗa. Duba dmesg ka nemo cpufreq da pstate da ACPI. In kana son ƙarin surutu:

echo 'file cpufreq.c +p' | sudo tee /sys/kernel/debug/dynamic_debug/control
sudo trace-cmd record -e power:cpu_frequency -e power:cpu_frequency_limits sleep 30
trace-cmd report

Na biyun nan cpu_frequency_limits shi ne mai daɗin, zai nuna maka daidai lokacin da rufin ya canza, sai ka zare caja ko ka mayar a cikin sakan 30 ɗin ka ga abin da zai fito. In HWP na aiki kar ka yi mamakin ganin cpu_frequency shiru, ai ba kanel ke zaɓen ba.

Sai git bisect. Ma'anarsa kana da kanel mai kyau da mara kyau, tsakaninsu canje-canje sama da dubu goma, sai git, manhajar da ke ajiye tarihin kod, ya riƙa raba su biyu yana ba ka na tsakiya ka gwada, wajen zagaye 14 za ka iso kan ƙwaya ɗaya tak da ta jawo abin. Amma ka fara tabbatar da cewa matsalar na nan a kanel na asali na kernel.org, don Ubuntu da Fedora da sauransu suna ƙara nasu faci a kai. Sauko da ma'ajiyar kod ɗin gigabait ne ba kaɗan ba, ka jira datar dare ko ka kwafa a wajen wanda ke da ita. Kuma don Allah kar ka haɗa kanel a kan laftof ɗin da ke rarrafe a 800MHz, za ka tsufa a wurin, ga janareto na shan mai. Yi lsmod > lsmod.txt a kan mara lafiyar, ka kai fayil ɗin da config ɗinta, wato fayil ɗin saitin kanel, kan kwamfuta mai ƙarfi:

git bisect start
git bisect bad v6.6
git bisect good v6.5
make LSMOD=lsmod.txt localmodconfig
make -j$(nproc) bindeb-pkg

Lambobin nan misali ne, sa naka. localmodconfig yana zubar da dubban direbobin da ba ka buƙata, aikin awanni ya dawo na mintuna. In config na Ubuntu ka ɗauko zai tsaya yana neman takardun sa hannu da ba ka da su, sai ka mayar da SYSTEM_TRUSTED_KEYS da SYSTEM_REVOCATION_KEYS fanko da scripts/config. Ka kai fayil ɗin deb da filashi, ka sa, ka tada, ka duba uname -r ka tabbatar shi ne ya hau, ka auna, sannan ka ce git bisect good ko git bisect bad. In wani bai ma tashi ba, git bisect skip. Za ka iya taƙaita farautar ga drivers/cpufreq da drivers/acpi da kernel/sched don rage zagaye, sai dai in ɓarawon na wata unguwa ka yi asarar lokaci, ni nakan bar shi a buɗe. Abu ɗaya da ke rusa komai shi ne amsar ƙarya guda ɗaya, ka ce good don ka manta ba ka sa ta barci ba kafin awo, daga nan git zai kai ka gidan da ba ruwansa. Shi ya sa in ya nuna maka kwamit ɗin, wato canjin da yake zargi, ka koma sabon kanel ka yi masa git revert ka haɗa ka gwada. In gudu ya dawo, to shi ne.

Mataki na 6: gyaran kansa

Buɗe kwamit ɗin da git show ka karanta bayanin kafin kod, don ka san me mai shi ke ƙoƙarin gyarawa, kar ka toshe ramin ka buɗe nasa. Direbobin suna drivers/cpufreq, schedutil yana kernel/sched/cpufreq_schedutil.c, maganar _PPC kuma tana drivers/acpi/processor_perflib.c. Kowane direba yana cika wani tsari mai suna cpufreq_driver da ayyukansa, init da verify da target_index ko setpolicy ko fast_switch, da suspend da resume. Gwajin da ka rubuta a takarda shi zai nuna maka ƙofa: in bayan barci ne kawai abin ke faruwa, tafi resume ka ga wace rajista ce bayos ya goge ba a mayar ba. In tun tashi ne, init da teburin gudu.

Kurakuran wurin nan suna da 'yan kamanni da ke maimaituwa. Rikicin ma'auni na gaba gaba, cpufreq na lissafi da kilohaz, teburin OPP, wato teburin gudu na allunan ARM, da haz, wani wurin megahaz, mutum ya manta ya raba da 1000 sai rufi ya koma wani abu daban. Akwai ɗaukar policy da cpufreq_cpu_get a manta cpufreq_cpu_put, sai wata rana cire direba ya rataye. Akwai sa abin da ke iya jira, kamar mutex, a cikin fast_switch, alhali daga cikin mai rabon aiki ake kiransa inda ba a yarda a yi barci ba. Wani lokacin kuma kanel ya yi daidai, teburin bayos ne ƙarya, sabon kod ya fara gaskata abin da tsoho ke watsarwa. Wannan sai ka ciro teburin da acpidump -b ka warware da iasl -d ka nemo _PSS da _PPC da _CPC ka gani da idonka, kuma kafin komai ka duba ko akwai sabon bayos, amma kar ka kuskura ka yi masa ofdet da mataccen batir a garin da ake ɗauke wuta ba sallama.

Zuba pr_info a wuraren da kake zargi ka buga lambobin, a hanyar da ake bi sau dubbai a sakan kuma ka yi amfani da trace_printk don kar dmesg ya cika. In ka yi gyaran, kunna PROVE_LOCKING da DEBUG_ATOMIC_SLEEP a config, sannan ka wahalar da shi: canza gwamnoni a jere, kashe ƙwaya ka kunna ta hanyar rubuta 0 da 1 a /sys/devices/system/cpu/cpu1/online, sa ta barci ta farka kamar sau goma da rtcwake -m mem -s 20, zare caja ka mayar ana cikin lodi. Akwai kuma gwaje-gwajen da ke tools/testing/selftests/cpufreq, ka gudanar da su.

Mataki na 7: aikawa

git commit -s zai sa maka layin Signed-off-by. A bayanin ka faɗi wace na'ura, me ke faruwa, me ya jawo, lambobin turbostat kafin gyara da bayansa, ka sa layin Fixes: da haruffa 12 na farkon lambar kwamit ɗin da ya karya, in kuma kanel ɗin da mutane ke kai ya shafa ka ƙara layin Cc na stable, wato masu kula da kanel ɗin da aka riga aka fitar. Sai git format-patch -1, ka bi shi da scripts/checkpatch.pl, sannan scripts/get_maintainer.pl ya gaya maka waɗanda za ka tura wa, a cpufreq za ka ga sunan Rafael Wysocki da Viresh Kumar da adireshin linux-pm. Da git send-email ake turawa, in ka manna faci a Gmail na burauza zai lalata tazarar layuka ya zama ba ya shiga.

In ba ka iya rubuta gyaran ba ma ba komai, sakamakon bisect da awonka da dmesg kaɗai kaya ne mai daraja, tura wa wanda ya rubuta kwamit ɗin da su masu kula ɗin. In an yi shiru ka ba su kamar mako biyu kafin ka tuna musu. Mu 'yan kasuwa kuma ga inda muke faɗuwa: za su dawo su ce ga faci gwada mana, don su ba su da irin na'urarka a gabansu, kai kuma ka riga ka sayar da ita ranar Talata. Ɗora ta can saman kanta ka liƙa mata takarda, ka gaya wa yaron shago ko nawa aka taya kar ya bayar sai ka ce.